Shin Ya Halatta Soja Su Kifar Da Zaɓaɓɓen Shugaba Don Ya Ci Amana?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Shi ke ɗora bawa bisa karaga, kuma Shi ke sauke shi ranar da Ya ga dama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Ba mu manta da abin da ya faru a farkon watan Agusta na 2024 ba, lokacin da matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. A nan Kaduna da kuma Kano an ga wasu suna ɗaga tutar ƙasar Rasha, suna kiran soja su zo su karɓi mulki, har gwamnatin jiharmu ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. An kama mutane da yawa. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ga wasu daga cikinsu a gaban kotu a Abuja, yara ƙanana sa'o'in ɗalibanmu na manyan azuzuwa, wasunsu suna zubewa ƙasa don galabaita, kafin daga baya shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Tun daga lokacin maganar ba ta mutu ba. A teburin mai shayi, a cikin Keke Napep, a wayoyin hannu, sai ka ji wani ya ce: "Ai gara soja su zo su kwashe ɓarayin nan mu huta." Mai faɗin haka yawanci yunwa ce ta sa shi, kuma ba mu raina yunwarsa ba. Amma mas'ala ce da jini ke cikinta, don haka ba a yanke mata hukunci da fushi. Abin da na fahimta, kuma shi zan kafa wa hujja, shi ne juyin mulki a kan shugaban da jama'a suka zaɓa bai halatta ba, ko da kuwa shugaban maha'inci ne. Kuma haramcin juyin mulki bai zama izinin yin shiru ga ha'inci ba.

Da Farko, Ha'inci Babban Laifi Ne

Kada wani ya ɗauka malam ya tashi kare ɓarayin gwamnati ne. A'uzu billahi. Dukiyar baitulmali haƙƙin maraya ce da gajiyayye da mara lafiya, wanda ya ci ta ya ci wuta. Ɗalibanmu sun karanta ƙissar Ibnul Lutbiyya, mutumin da Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) bai bar maganar a ɓoye ba, ya hau mumbari ya nuna wa jama'a cewa da mutumin nan a gidan iyayensa ya zauna, babu wanda zai kai masa komi. Wato duk abin da kujera ta jawo wa ma'aikaci, na jama'a ne. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki da harajin zalunci cikin munanan al'adun sarakunan zamaninsa.

To, ba a jayayya a kan cewa ciwon yana nan. Abin tambaya shi ne maganin. Idan ɗanka na zazzaɓi, wani ya kawo maka ƙulli ya ce a ba shi, ai za ka fara tambaya: waɗanda suka sha a baya, yaya suka ƙare? Wannan ƙullin kuwa mun sha shi a Nijeriya ba sau ɗaya ba, kuma a garin nan namu aka fara jiƙa shi.

Daren 15 Ga Janairu, 1966

Duk wanda ya bi Titin Rabah zai ga Gidan Arewa, inda a yau ake ajiye littattafai da takardun tarihi. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Kafin asubahin ranar Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, malami a kwalejin horar da sojoji ta nan Kaduna, ya jagoranci sojoji suka auka wa gidan, suka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. A daren nan aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa da Kanar Shodeinde a Kaduna. A Legas aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad da wasu, a Ibadan kuma aka kashe Firimiya Akintola.

Wace hujja suka bayar? Da Nzeogwu ya yi jawabi a gidan rediyon Kaduna, cewa ya yi sun zo ne su kawar da masu cin hanci, masu karɓar kashi goma cikin ɗari na kwangila, da masu ƙabilanci. Kun ji fa, ita ce dai maganar da ake yi yau a teburin mai shayi. Gaskiya ne akwai ɓarna a Jamhuriya ta Farko, akwai maguɗin zaɓe, musamman a Jihar Yamma a 1965. Amma su Sardauna da Tafawa Ɓalewa sun mutu ba su bar wata dukiyar a zo a gani ba, kuma babu alƙalin da ya saurare su. Harsashi ne ya yi tuhuma, shi ya yanke hukunci, shi ya zartar, duk a dare ɗaya.

Me ya biyo baya? A watan Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa, aka kashe Janar Ironsi. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo fararen hula a Arewa, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wanda wannan ma zalunci ne da addininmu bai yarda da shi ba. Sannan yaƙin basasa ya tashi daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, ya ci rayukan da ake ƙiyasta sun kai miliyan ɗaya ko fiye. An fito farautar mai cin kashi goma cikin ɗari, an ƙare da haƙa kaburbura.

Kuma shin cin hancin ya mutu? Bayan da Janar Murtala Muhammad ya kifar da Janar Gawon a Yuli 1975, binciken da aka yi ya sami 10 daga cikin gwamnoni 12 na mulkin sojan da laifin almundahana.

Darasin Shagari, 1983

Misalin da ya fi dacewa da tambayarmu shi ne na marigayi Alhaji Shehu Shagari. An zaɓe shi a 1979, aka sake zaɓensa a Agusta 1983. A zamaninsa farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, aka shiga tsuke bakin aljihu tun 1982. Lasisin shigo da shinkafa ya zama abincin 'yan jam'iyya, malaman makaranta a jihohi da dama suka yi watanni babu albashi, zaɓen 1983 kuma ya cika da ƙorafin maguɗi. Ranar 31 ga Disamba 1983, wata uku kacal bayan rantsar da shi karo na biyu, aka ji kiɗan badujala a rediyo, Birgediya Sani Abacha ya sanar da cewa soja sun karɓi mulki saboda cin hanci da lalacewar asibitoci da makarantu. Ku tambayi kakanninku, za su gaya muku mutane da yawa sun yi murna a ranar.

Janar Muhammadu Buhari da Janar Tunde Idiagbon suka shigo da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Aka koyi bin layi, aka ɗaure gwamnoni shekaru masu yawa. Har yau akwai masu yabon wannan zamani, kuma ba za a ce babu abin yabo ko kaɗan ba. Amma mu duba ɗaya gefen. Doka ta 2 ta ba da ikon tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba. A ƙarƙashin Doka ta 4 aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a 1984. A Afrilu 1985 aka harbe samari uku saboda safarar ƙwaya, da dokar da aka kafa bayan sun riga sun aikata laifin, alhali a shari'ar Musulunci ba a kama mutum da hukuncin da bai riga ya isa gare shi ba. Tsohon gwamnan Ondo, Cif Ajasin, kotun sojan da kanta ta wanke shi, amma aka ci gaba da tsare shi. Shi kansa Shagari, kwamitin Mai Shari'a Uwaifo bai same shi da laifin cin dukiya ba, sai a 1986 aka sake shi bayan ya shafe fiye da shekara biyu a tsare.

Wata 20 kawai gwamnatin ta yi. Ranar 27 ga Agusta 1985 abokan da aka yi juyin mulkin da su suka juya mata baya, Janar Ibrahim Babangida ya hau. Ya yi alkawarin miƙa mulki a 1990, ya ɗaga zuwa 1992, ya sake ɗagawa zuwa 1993. Naira wadda take kusan kai ɗaya da dala a 1985, ta koma wajen 22 a dala ɗaya a 1993. A Afrilu 1990 Manjo Gideon Orkar ya yi nasa yunƙurin, har ya sanar a rediyo cewa ya cire Sakkwato da Kano da Katsina da Barno da Bauci daga Nijeriya. Da aka yi zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda Alhaji Mashood Abiola ya yi rinjaye har a Kano, mahaifar abokin takararsa Alhaji Bashir Tofa, sai aka soke shi. A 1994 kwamitin Dokta Pius Okigbo ya gano cewa kimanin dala biliyan 12 na kuɗin mai sun bi ta wasu asusu na musamman tsakanin 1988 da 1994, a wajen kasafin kuɗin ƙasa.

Sai Janar Abacha, daga Nuwamba 1993 zuwa rasuwarsa a Yuni 1998. Mun san yana da masoya a Arewa, kuma hukumar PTF ta zamaninsa ta gyara hanyoyi da asibitoci. Ya riga mu gidan gaskiya, hisabinsa yana wurin Allah. Amma ba zagin mamaci ba ne a faɗi abin da ya tabbata: gwamnatocin Obasanjo da Jonathan da Buhari duk sun karɓi kuɗin da ƙasashen waje suka dawo da su daga asusun da ke da alaƙa da shi, ciki har da dala miliyan 322 daga Suwizalan, da kuma fiye da miliyan 300 a 2020. A zamanin nan ne aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, kuma Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997.

To ku yi lissafi. Da an haƙura, wa'adin Shagari zai ƙare a 1987, kuma tsarin mulki bai ba shi damar tsayawa karo na uku ba. Don gudun jiran shekara huɗu, sai da ƙasa ta jira fiye da shekara 15, har 29 ga Mayu 1999. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Me Ya Sa Kullum Haka Take Ƙarewa?

Ba don soja sun fi farar hula mugunta ba ne. Garinmu garin bariki ne, ga Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ga Jaji a kan hanyar Zariya. Cikin ɗalibanmu akwai 'ya'yan sojoji, wasu iyayensu na daji suna fafatawa da 'yan bindiga domin mu yi barci. Muna girmama su, muna yi musu addu'a. Illar tana cikin hanyar da ake bi a hau.

Na ɗaya, duk wanda ya yi juyin mulki, abin da yake fara yi shi ne ya jingine tsarin mulki, ya rushe majalisa, ya kafa dokar da za ta hana kotu bincikar abin da ya yi. Wato duk ƙofofin da ake bi a tuhumi shugaba, shi ke fara toshe su. Ko da shi mutumin kirki ne, ya gina ɗakin da babu taga, kuma ba shi da tabbacin wanda zai gaje shi a ciki. A zaɓen 1983 da ake kuka da shi, hukumar zaɓe ta ba jam'iyyar Shagari kujerar gwamnan Ondo, amma kotu ta ƙwace ta mayar wa Ajasin. A 1993 da soja suka soke zaɓen ƙasa baki ɗaya, wace kotu ce ta iya mayar da shi?

Na biyu, wanda ya shigo ta taga ya san wani ma zai iya shigowa ta nan. Don haka ba ya barci. Dole ya sayi amincin abokansa da muƙamai da kwangiloli, wanda kuma ya yi zargi, ya kawar da shi. Janar Murtala wata shida da 'yan kwanaki ya yi, aka harbe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976. Janar Mamman Vatsa, aminin Babangida tun ƙuruciya, an harbe shi a Maris 1986 bisa tuhumar shirya juyin mulki. Mulkin da aka gina bisa tsoro, da rashawa ake ciyar da shi.

Na uku, wa ya tabbatar da laifin? Mai juyin mulki shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma shi ne magajin kujerar wanda ya yanke wa hukunci. Ko a rikicin gona, alƙalin Musulunci ba ya karɓar shaidar wanda zai amfana da hukuncin.

Abin Da Malamai Suka Ce

Ɗalibai sun san ƙa'idar fiƙihu da ke cewa ba a gusar da cuta da cuta irinta, balle wadda ta fi ta, da kuma ƙa'idar cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. A kan waɗannan ne mafi yawan malaman Sunna suka tsaya cewa ba a ɗaukar makami a kan shugaba saboda zalunci ko fasiƙanci. Hadisin Ubadatu ɗan Samit, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna ba a fizgar mulki daga hannun masu shi sai an ga kafirci ƙarara wanda akwai hujja a kansa daga Allah.

Malamai ba tsoro ne ya kai su ga wannan matsayi ba, tarihi ne ya karantar da su. 'Yan tawayen da suka kashe Sayyidina Usmanu (RA) a shekara ta 35 bayan Hijira, da sunan gyara suka zo, suna zarginsa da fifita danginsa a muƙamai. Abin da suka haifar shi ne yaƙin Raƙumi da na Siffin. Mutanen Madina sun yi wa Yazidu tawaye a shekara ta 63, aka ƙare da waƙi'ar Harra. Ibnul Ash'as ya tashi a kan Hajjaju ɗan Yusufu, azzalumin da babu mai musun zaluncinsa, manyan malamai irin su Sa'idu ɗan Jubairu suka bi shi da kyakkyawar niyya, Hasanul Basari kuwa ya hana. Aka karya su, aka zubar da jini mai yawa, Hajjaju kuma ya ci gaba da mulkinsa. Imamu Ahmad ɗan Hambali an ɗaure shi, an yi masa bulala a kan aƙida, bai janye maganarsa ba, amma da aka zo masa da shawarar tawaye ya ƙi, saboda tsoron jinin Musulmi.

Akwai kuma maganar amana. Bindigar da ke hannun soja da kuɗin talaka aka saye ta, aka damƙa masa bisa rantsuwar zai tsare ƙasa kuma zai bi tsarin mulki. Sashe na 1 na tsarin mulkin 1999, kamar na 1979, ya haramta wa kowa karɓar mulki ta wata hanya dabam. Idan maigadi ya ga maigida na cin dukiyar marayun da ke hannunsa, yana iya tona shi, yana iya kai ƙara, yana iya ajiye aikin. Amma idan ya ɗaure maigida ya zauna a kan dukiyar, ai ha'inci ya zama biyu ke nan.

Shubuhohi Uku

Wani zai ce, to ai Shehu Usmanu ya yaƙi sarakunan Hausa. Amsa ita ce, Shehu ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi da karantarwa a fili, maza da mata, kafin a zare takobi. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. A Fabrairu 1804 hijira ya yi zuwa Gudu, Yunfa ne ya biyo jama'a da yaƙi har aka haɗu a Tabkin Kwatto. Kuma sarakunan nan babu wanda ya zaɓe su, babu ranar da wa'adinsu zai ƙare. Ina haɗin wannan da hafsoshi biyar da suka ƙulla magana da dare? Duk da haka ma, 'yan shekaru kaɗan da fara jihadi, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya ga son duniya ya shiga cikin jama'a, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Idan wannan ya faru da almajiran Shehu, me kuke tsammani daga wanda bai yi wa kowa tarbiyya ba?

Wani kuma zai ce, ai malamai sun ce a yi biyayya ga wanda ya ƙwaci mulki da ƙarfi. Haka ne, amma hukuncin bayan aukuwa ne, domin kada a sake zubar da wani jinin. Halatta wa wanda yunwa za ta kashe cin mushe bai mayar da mushe halal ba. Malaman da suka yi maganar tuɓe shugaba kuwa, irin su Imamul Haramaini, sun ɗora abin a hannun ahlul halli wal aƙdi, wato wakilan al'umma da aka yarda da su, da sharaɗin kada fitinar ta fi wadda ake gudu.

Na uku zai nuna mana Nijar. Gaskiya ne a Fabrairu 2010 Salu Jibo ya kifar da Tanja Mamadu, ya shirya zaɓe, ya miƙa mulki a Afrilu 2011. Amma ku lura, Tanja ya riga ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki a 2009 don neman tazarce, wato shi ya fara toshe ƙofofin. Kuma sau biyar aka yi juyin mulki a Nijar: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Saini Kunce ya kifar da Jori Hamani a 1974 bisa zargin karkatar da abincin agajin fari, ya zauna har mutuwarsa a 1987. Ba'are Mainasara ya hau da bindiga a 1996, masu tsaronsa suka harbe shi a 1999. Janar Ciyani, shugaban masu tsaron fadar Bazum, ya kifar da shi ranar 26 ga Yuli 2023, aka kusa shekara biyu Bazum na tsare ba a yi masa shari'a ba, sannan a Maris 2025 aka rantsar da Ciyani na wa'adin shekara biyar, aka rushe jam'iyyu. Da aka rufe iyaka aka yanke wuta bayan juyin mulkin, wa ya sha wuya? Talakan Maraɗi da na Jibiya da na Illela. Ba a gina hukunci bisa sa'a.

To Mene Ne Abin Yi?

Haƙurin da malamai suka yi umarni da shi, haƙuri ne ga barin makami. Harshe da alƙalami da ƙuri'a kuwa ba a ce a ajiye su ba. Hadisi ya sanya faɗa wa azzalumin shugaba gaskiya a sahun gaba na jihadi, kuma ya sanya nasiha ga shugabanni cikin ginshiƙan addini. Wannan nauyi yana kan malamai kafin kowa, kuma malamin da ya saba karɓar ambulan da kujerar Makka daga hannun ɗan siyasa, harshensa zai yi nauyi ranar da ake bukatarsa.

Ƙofofin nan da muke da su suna da rauni, ba mu musu. Ana sayen ƙuri'a, ana jan shari'a shekara da shekaru, an ma ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu a 2018 aka yi musu afuwa a 2022. Amma ƙofa mai ƙara ta fi bango. Da ƙuri'a mutanen Kano suka sauke gwamna mai ci a 2003. Da ƙuri'a muka sauke gwamna mai ci a nan Kaduna a 2015, a shekarar da shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. Wanda ya karɓa kuwa shi ne Buharin 1983, bayan ya faɗi sau uku yana sake tsayawa. Mutanen Zamfara ma sun yi haka a 2023. Ba a rufe makaranta ko ta wata ɗaya ba, ba a mayar da kowa maraya da umarnin soja ba.

Don haka, ya ku iyaye, wanda ya karɓi taliya da atamfa da 'yan kuɗi ranar zaɓe ya sayar da bakinsa na shekara huɗu, kuma ƙuri'a shaida ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Ku yanki katin zaɓe, ku san kansilanku da ɗan majalisarku, ku haɗu a unguwa ku tambaye su ina aikin asibiti da rijiyar da aka yi wa kasafi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai tauye mudu a Kasuwar Kawo da mai cin kuɗin kwangila, sana'arsu ɗaya, jari ne ya bambanta.

Ku kuma ɗalibai, shugabannin da ake kuka da su yau, jiya a kan benci suke kamar ku. Wanda ya saba satar amsa a jarrabawa, ko ya riƙe canjin cefanen mahaifiyarsa, ya fara koyon abin da yake zagin gwamna a kai. Kada wani ya miƙa muku tutar da ba ku san ma'anarta ba ya tura ku titi, shi yana gida da 'ya'yansa. Wanda kuma Allah ya nufa da aikin soja a cikinku, ya riƙe rantsuwarsa, ya san bakin bindigarsa iyakar ƙasa yake kallo da dajin 'yan ta'adda.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, masu tausayinmu. Wanda ya ci amanarmu, Allah ya shirye shi, in ba mai shiryuwa ba ne Allah ya musanya mana da mafi alheri cikin lumana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare ƙasarmu daga fitina ta fili da ta ɓoye, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.